Yadda aka fara kirana "telan nan mai kati"

Ni tela ne a Tudun Wadan Zariya, ɗinkin maza nake yi, kuma duk wanda ya san layinmu ya san ba ƙarancin teloli ake yi ba. Shago ne na bin shago, kowa da allonsa, kowa ya rubuta fashon dizaina, hotunan da ke jikin allunan ma kusan iri ɗaya ne tunda wajen masu firintin ɗaya ake zuwa, su kuma su sauko da hoton wani ango daga intanet su manna maka. Yaran da ke tasowa a sana'ar suna yawan tambayata wai ya aka yi mutum zai taso tun daga Samaru ko Shika ya wuce shaguna birjik ya zo nawa, har wasu na cewa ko wani malami ne ya riƙe min kai. Toh babu malami wallahi, bari in ba ku labarin yadda abin ya faro.

A cikin birni aka haife ni ta wajen Ƙofar Doka, gidanmu gidan ɗinkin hannu ne tun kakanni. Na tashi na ga kakana yana shimfiɗa shadda a tabarma a zaure yana zana aska takwas ko aska biyu a ƙirjin babbar riga, in ya gama zanen a shiga da ita cikin gida su Inna su zauna da allura da zare, riga ɗaya sai ta ci makonni, mai nauyin aiki ma ta ci watanni, daga nan a kai wa mabuga su buge ta har ta riƙa ɗaukar ido. Sai dillali ya zo ya karɓa ya wuce Kano ko Kaduna da ita. Abin da ya tsaya min a rai tun ina yaro shi ne rigar nan wani babban mutum zai sa ta ranar hawa ko ranar ɗaurin aure, a ce kai wannan aikin Zariya ne, amma ko da wasa ba wanda zai san sunan matar da idonta ya kusa tsiyayewa a kanta. Garin ya yi suna, dillali ya yi kuɗi, mai allura tana nan inda take.

Ni keke na koya. Bayan sakandare aka kai ni wajen wani maigida a Tudun Wada, ina zuwa shago da yamma ina difloma a kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli da safe, daga sa maɓalli da guga har na kai ga riƙe almakashi. Aka yaye ni a 2016, shekara ta zagayo na kama ɗan shago da keken Butterfly guda da teburin yanka, kuma duk abin da aka kawo karɓa nake, yunifom ɗin makaranta, canjin zif, rage ƙugun wando, labule, har rigar kujera. Ana samun na cefane ba laifi, amma in aka ce waye ni a cikin telolin layin, babu amsa.

Kawuna ne ya fara ɗago min maganar. Ɗan kasuwa ne a kasuwar Sabon Gari, ya turo min wani abokinsa da yadi, mutumin ya zo layin ya yi ta zagaye bai gane shagon ba, ƙarshe ya ba wani telan ya tafi abinsa. Da na je gaishe shi ranar Juma'a sai ya ce min, "Kai ɗan nan, in zan kwatanta ka ga mutum in ce masa me? Na ce tela, ya ce wanne. Na ce mai kirki, ya ce duk haka ake cewa." Na ce Kawu ai zan sa a yi min babban allo mai fitila. Ya yi dariya ya ce, "Allo na wanda ya riga ya iso layin ne. Ni ina maganar abin da za a faɗa a kanka a majalisa ba ka wajen. Mai tsiren da muke saye wajensa yana da allo ne?"

Na koma ina ta juya maganar. Me ake faɗa a kan teloli in ba sa wajen? Kowa ya sani, ƙarya. Ba a cewa ba mu iya ɗinki ba, Zariya akwai hannu, abin da ake cewa shi ne tela ya ce gobe to ka ƙara sati biyu. Daren sallah ka zaga shagunan teloli ka ga mutane zaune a benci har asuba suna gadin kayansu, wani ya zo da ɗansa yana kuka, wani har ofishin 'yan sanda ake kaiwa, kuma abin ya zama kamar al'ada har barkwanci ake yi da shi duk shekara a Facebook. Sai na ga ai ga fili nan babu kowa a ciki. In na ce zan fi kowa iya yanka, akwai waɗanda suka shekara talatin da almakashi. In na ce zan fi kowa araha, yunwa za ta kashe ni. Amma telan da in ya faɗi rana to ranar ce, wannan ba na buƙatar jari kafin in zama shi.

Daga nan kati ya samo asali. Na je wajen masu buga katin biki a Sabon Gari na sa aka buga min ɗan kwali da bai wuce tafin hannu ba, mai gida biyu da ake yagewa a tsakiya. A jiki akwai sunan shago da lambar waya, sai gurbin sunan mai kaya, irin ɗinkin, kuɗin da ya bayar da wanda ya rage, sai ranar karɓa da nake rubutawa da jan biro, ta boko da ta Musulunci duka saboda dattawa sun fi riƙe ta watan. Ina yanko ɗan ƙyalle daga bakin yadin in maƙala da sitefula a kowane ɓari, mai kaya ya tafi da ɗaya ɗaya ya zauna a cikin ledar kayansa. Can ƙasa kuma layi ɗaya ne da ƙananan baƙaƙe: in ranar nan ta wuce ban gama ba, ɗinkinka kyauta ne. Mai buga katin sai da ya cire gilashinsa ya kalle ni ya ce, "Malam ka tabbata in sa wannan? Tela ne fa kai."

Rubuta layin ba wuya, abin da ke bayansa ne aikin. Dole na zauna na san gaskiyar abin da hannuna ke iya fitarwa a yini, ba abin da nake fata ba. Na sayi babbar kalanda irin ta bango na ja wa kowace rana gidaje daidai yawan kayan da za mu iya gamawa, gida ya cika to ranar ta rufe ko uban waye. Juma'a rabin yini nake lissafa ta. A kowane mako ina barin rana guda fayau ba na sa mata komai, saboda ɗauke wuta da zazzaɓi da jana'iza da zuwa dubiya, don a garin nan ba yadda za a yi a yi rasuwa a unguwa ka ce kana da oda. Sannan na daina karɓar komai da komai, na tsaya a kan kufta da jamfa da wando na maza kawai, tunda in aikin iri ɗaya ne ka san minti nawa wuya ke ci, ka san na hannu, ka san na aljihu. Gyaran zif da yunifom na riƙa tura wa maƙwabcina, shi ma ya ji daɗi. Azumi kuwa da an sha goma na farko nake rufe karɓar kayan sallah, in rubuta a kwali in liƙa a ƙofa.

Shekarar farko mutane dariya suka yi ta yi. Ana saura kwana kaɗan sallah wani Alhaji ya faka mota a ƙofar shago, direbansa ya shigo da leda cike da shadda Getzner, irin wadda ko a hannu ka taɓa ka san kuɗi ne, nasa da na 'ya'yansa. Ya ce a gama kafin jajibiri zai ninka kuɗin ɗinki. Yarona da ke guga har taka min ƙafa yake ta ƙarƙashin tebur. Na ce, "Allah ya ƙara girma Alhaji, wallahi na rufe, in na karɓi naka sai na saɓa wa waɗanda suka riga ka." Ya ce su waye suka riga ni. Na nuna masa kalanda, akwai malamin firamare, akwai mai shayin bakin layi, akwai ɗan acaɓa da ya kawo yadin yaransa tun watan Sha'aban. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce yaro kana wasa da arziki, ya fita. Bai sake dawowa ba har yau, kuma ba zan ɓoye ba kuɗin nan sun yi min ciwo a lokacin don haya na bina. Amma bayan sallah direban nan ya dawo shi kaɗai da ɗan yadinsa mai sauƙin kuɗi, ya ce shi dai abin da ya gani ya burge shi. Ashe duk inda direbobi suka zauna jiran iyayen gidansu sai ya ba da labarin telan da ya mayar da shaddar maigidansa saboda kayan mai shayi. A bakinsu na fara jin ana cewa "telan nan mai kati", ban raɗa wa kaina ba, kuma ya fi sunan da ke kan allona tafiya nesa.

Sai 2020 ta zo da korona, aka kulle jihar Kaduna, kasuwanni a rufe, bukukuwa suka tsaya, aka yi sallah ba hawa. Mu teloli mun ji jiki amma su Inna sun fi mu ji, don babbar riga in ba taro wa zai saya. Ina zaune a gida ina kallon Inna da ƙawayenta ba aiki sai tunani ya zo min, me zai hana a ɗauko aikin hannun nan a rage shi ya dawo daidai wuyan kufta da bakin aljihu, wanda saurayi zai iya sawa ya je ofis ko lakca ba sai ranar naɗi ba. Lokacin kowa ya koma aikin wuya na kwamfuta, injin ya buga maka dizayin cikin ɗan lokaci, yana da kyau ba na kushe shi, amma in ka shiga ɗaurin aure sai ka ga mutum biyar da wuya iri ɗaya. Na zana ƴar ƙaramar aska a gefen ƙirji, na ce Inna ki gwada min wannan. Ta ɗaga ƙyallen ta ce, "Wannan ɗan abin? Ai kakanka in ya gani cewa zai yi wasan yara ne." Amma ta yi, kuma da ya fito ni kaina sai da na yi shiru. A watan Satumba na shekarar Allah ya yi wa Sarkin Zazzau Shehu Idris rasuwa bayan shekara 45 a kan gado, aka naɗa Ahmad Nuhu Bamalli a Oktoba, daga baya da aka shiga naɗe-naɗen sarauta kasuwar manyan riguna ta ɗan farfaɗo, amma zuwa lokacin su Inna sun riga sun saba da ƙananan wuyan nan tunda kuɗinsa na shigowa duk mako ba sai an jira dillali ba. Na sa aka yi min lebul da nake ɗinkawa ta cikin wuya, sunan shago a sama, ƙasa an rubuta ɗinkin hannu, Birnin Zariya. Sunayensu kam sun ce kar in sa, hotonsu ma ba sa so, hannu kawai suka yarda in ɗauka yana riƙe da allura, kuma na tsaya a inda suka ce.

A zaman kullen nan ne kuma na koyi amfani da waya yadda ya kamata. Nan ne nake ganin yaranmu suna ɓata wa kansu lokaci. Yaro bai gama iya haɗa hannun riga ba ya buɗe Instagram ya rubuta wa kansa manyan muƙamai da Turanci, ya kwaso hotunan ɗinkin wani telan Abuja ko na Senigal ya zuba a shafinsa, wani har sayen mabiya yake. To ranar da kwastoma ya nuna hoton ya ce irin wannan nake so fa? Ni abin da na ɗinka kawai nake sawa. Da safe kafin rana ta yi zafi nake rataye riga a jikin farin bangon da ke gefen shago in ɗauka, babu filta don kalar shadda kar ta canja mutum ya zo ya ce ba ita ya gani ba. Kuma ina juya rigar in ɗauki cikinta, a ga yadda aka kashe bakin ɗinki, a ga gam ɗin wuya ya kwanta bai yi ƙuraje ba, a ga aljihu ta ciki, wanda ya san ɗinki nan yake dubawa. Wani lokaci in ɗauki ɗan bidiyo ina bayanin me ya sa shadda ke tattarewa a wajen ɗinki in zare ya yi tsauri, ko me ya sa ake jiƙa wani yadin kafin a yanka. Da Hausa nake magana yadda nake yi a shago. Sitatus ɗin WhatsApp ya fi kawo min aiki a kan duk sauran, saboda masu ganinsa mutane ne da suka riga suka san ni, su ne kuma ke turawa ƴan uwansu. Fuskar kwastoma ba na sawa sai ya ce in sa. Siyasa da rigimar malamai kuwa ba na taɓawa a lambar shago ko kaɗan, ina da ra'ayina kamar kowa, amma mai kawo yadi bai zo jin wa zan zaɓa ba.

Amfanin wannan ya fito fili a 2022 da malaman jami'a suka tafi yajin aiki tun Fabrairu har Oktoba. Duk wanda ke kasuwanci a Zariya ya san in Jami'ar Ahmadu Bello, wato ABU, ta rufe garin ne ke yin sanyi, Samaru da Kongo kamar an share, masu abinci da masu fotokwafi da ƴan acaɓa kowa na kuka. Ɗalibai da ma'aikata da yawa kwastomomina ne, ɗalibai sun tafi gida, malamai ba albashi. Amma waɗanda suka tafin suna ganin sitatus, awonsu kuma na nan a littafina, sai mutum ya kira daga Kaduna ko Abuja ko Jos ya ce a saya masa yadi a ɗinka, in ɗauki hoton katin in tura masa, ranar da aka rubuta in kai tasha a Kwangila in ba direba in tura masa lambar direban. Wasu ban taɓa ganin fuskarsu ba har yau, yayan wani ne ko abokin aikin wani. Da na ga kuɗin mutanen da ba su san ni ba na shigowa sai na je na yi rajistar sunan shago da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, na buɗe asusun banki da sunan, don mutum in zai yi taransifa ya ga sunan da ke kan lebul ne ya fito hankalinsa ya fi kwanciya. Da aka shiga wahalar takardun kuɗi a farkon 2023 wannan asusun ne ya riƙe mu.

Cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 shi ne ya fi gwada katin. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ƴan kwanaki, janareta ya zama sai dole, zare da gam da maɓalli komai ya hau. Akwai kayan da na riga na rubuta musu kuɗi da rana, na ɗinke su a tsohon farashi da asara a ciki, keken ƙafa da dutsen guga na gawayi suka dawo aiki. Sababbi kuma na ƙara kuɗi na fito a sitatus na faɗi dalili da bakina, ban tsaya sai mutum ya zo karɓa in ce masa ai kaya sun tashi ba. Wasu sun tafi, ban riƙe su a rai ba, kowa da aljihunsa. Daga baya na lallaɓa na haɗa ƴar sola da ke ɗaukar fitilu da keke ɗaya.

Kar wani ya ɗauka abin duk daɗi ne. Ƴan uwa sun fi kowa ba ni wahala. Yayata ta taɓa aiko da kayan mijinta bayan na rufe, na ce Yaya ki yi haƙuri sai bayan sallah, ta kai ƙarata wajen Inna wai na fara girman kai tunda ana ganina a waya. Inna ta kira ni ta ce, "Ɗan nan ko ɗan gida ɗaya ba za ka buɗe wa ƴar uwarka ba?" Abin da na koma yi shi ne tun watan Rajab nake bin gidajen dangi da kaina ina cewa a fito da kayan sallah, wanda bai fito da shi ba kuma ya san ba ruwana. Sannan a layinmu yanzu shaguna da yawa sun buga kati, wani har kalar nawa ya ɗauka. Da farko abin ya sosa min rai, daga baya na lura duk sun cire layin ƙasan nan na ɗinki kyauta, wanda ya bar shi kuma bai ja wa kalandarsa gidaje ba, sallah ɗaya ya yi ya daina. In da za su riƙe shi da gaske ma ni zan fi kowa murna, ko ba komai a daina yi da mu.

Inda na fi jin tsoro shi ne yaran shago. Yanzu ba ni kaɗai ke ɗinki ba, amma duk rigar da ta fita sunana ne a wuyanta, kwastoma bai san wane yaro ne ya haɗa hannun ba. Don haka yanka har yau ni nake yi, kuma ba rigar da ke shiga leda sai na juya cikinta na ja ɗinkin hammata da hannuna na gwada awon da tef. Sabon yaro in ya zo, kafin ya taɓa keke sai ya koyi amsa waya, kar ya kuskura ya ce wa mutum an kusa gamawa alhali ko yankawa ba a yi ba, in bai sani ba ya ce bari in duba kati.

Kwanakin baya wani kwastomana da ke aiki a jami'a ya zo min da maganar akwai shago a Samaru kusa da babbar ƙofa, shi zai sa kuɗin haya da kekuna mu raba riba, sunana kawai yake so a allon. Wajen yana da kyau, kuma yawancin masu zuwa wajena ta can suke, zai rage musu kuɗin mota. Na ce masa ya ba ni lokaci. Babban yarona hannunsa ya faɗa a yanka, sai dai har yanzu in babban mutum ya tsare shi da ido ya ce jibi nake so, bakinsa na rawa ya ce toh. Na bar masa kalandar babbar sallar bana gaba ɗaya ya riƙe, shi zai karɓi kaya shi zai rubuta rana shi zai ce an rufe, ni ina gefe ina yanka ba zan sa baki ba. Maganar Samaru sai na ga yadda ya fita da ita.